Mai Jiran Takardar Zama: Matafiyi Ne Ko Mazauni?

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Mu da muke limanci a unguwannin Tarauni kuwa, a sahun Asuba muka fi sanin ma'aikatansa. Likita ne, ko ma'aikacin jinya, ko mai gwajin jini, kun saba gaisawa bayan sallama, sai ka neme shi ka rasa. In ka tambaya, a ce ai ya tafi Ingila, ko Saudiyya. Tafiya neman halal ba abin zargi ba ce, kuma ba ita muka zo tattaunawa ba. Abin da ya ɗauki hankalinmu shi ne shekarun da ke biyo bayan saukarsu.

Wanda ya shiga Birtaniya da bizar aikin lafiya, zamansa a ɗaure yake da wurin da ya ɗauke shi aiki. Idan aikin ya kuɓuce, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani, ko ya tattara ya fita. Sai ya cika shekara biyar a haka kafin ya nemi izinin zama na dindindin, da sharaɗin bai yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar ba cikin kowace shekara, sannan ya ci jarrabawar sanin rayuwar ƙasar. Daga Maris ɗin 2024 an hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Mayun 2025 kuma gwamnati ta bayyana aniyar mayar da wa'adin shekara goma ga da yawa daga masu nema. Na Saudiyya nasa jiran ma ba shi da ranar ƙarewa: iƙamarsa sabuntawa ake yi a kai a kai, izinin zama na dindindin da aka ɓullo da shi a 2019 kuwa Riyal 800,000 ne kuɗinsa.

A cikin wannan hali ne saƙonninsu ke iso mana ta WhatsApp. Wani ya rubuto daga arewacin Ingila: “Allah gafarta Malam, a nan lokacin sanyi rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk a bakin aiki suke samuna. Tunda har yanzu ban samu takarda ba, shin ina cikin hukuncin matafiyi?”

Amsar tana cikin abin da ɗaliban zaure suka karanta a Risala. A mazhabar Imam Malik, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani gari, ƙasaru ya yanke masa, sai ya cika sallarsa. Kalmar da malaman fiƙihu ke kiran wannan zama da ita, iƙama, ita ce dai sunan katin da ɗan'uwanmu na Jidda ke ɗauke da shi a aljihu. Wato mutumin da hukuma za ta sa ya jira shekara biyar kafin ta kira shi mazauni, shari'a ta riga ta kira shi hakan tun ranar da ya sauka da niyyar zama. Batun tsara salla a bakin aiki yana da nasa bayani, kuma malaman garin da yake sun fi mu sanin yanayinsa. Amma rashin takarda bai mayar da shi matafiyi ba.

Mun daɗe a kan wannan mas'ala ne domin tambayar ta wuce raka'o'i. Mun lura cewa jiran takarda yakan sa mutum ya jingine rayuwarsa kacokan. Karatun Alƙur'anin yara, sai an samu takarda. Sanin limamin unguwa da maƙwabta, sai an samu takarda. Neman a daidaita masa hutun ranar Juma'a, yana tsoron kada a ga baƙo ya cika buƙata. Kafin ya ankara, yaron da ya sauka Ingila yana ɗan shekara shida ya kai sha ɗaya, Hausarsa ta yi rauni, Fatiharsa tana nan inda ya baro ta a Islamiyyar Tarauni.

Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ba haka suka yi ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya yarda da shi, ya zauna ƙarƙashin amanar Najjashi fiye da shekara goma, bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin buɗe Khaibara. Ba su san ranar komawarsu ba, amma a can aka haifa musu 'ya'ya, suka tsayar da addininsu, suka kiyaye amanar mai masaukinsu. Wannan na ƙarshe ya shafi masu cika takardu kai tsaye, domin biza alƙawari ce. Ƙarya a cikinta, ko auren da aka ƙulla don takarda kawai, tsawon jira ba ya halatta su.

Sai kuma waɗanda aka bari a gida, waɗanda su ma jiran suke yi ba tare da an tambaye su ba. Mu ne muke ganin matar da ta shekara uku a gidan surukai, kuɗi na shigowa duk wata, miji kuwa sai ta allon waya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa 'yan watanni da za su yi nesa da matansu, alhali jihadi ya fitar da su. Ciyarwa ɓangare ɗaya ce kawai ta haƙƙin aure. Idan tafiyar za ta yi tsawo, sai da yardarta ta gaskiya, ba wadda kunya ta sa ta furta a gaban iyaye ba, kuma a faɗa mata adadin shekarun yadda suke, har da yiwuwar su ƙaru.

Haka ma iyaye. Wata dattijuwa ta tare mu a ƙofar masallaci bayan La'asar, ta ce: “Malam, ɗan naka ya ce saura shekara biyu ya samu takardar. Ni dai ka gaya masa kada ya jira ta kafin ya zo.” Mun isar da saƙon a daren, muka kuma tuna masa cewa dokar da yake tsoro ta ba shi kwana 180 a shekara, hutun mako uku ba zai taɓa lissafinsa ba. Ya ce zai nemi hutu bayan Ƙaramar Salla.