Ciwon Hanta a Mardjandafak: Ba a Kwano Ake Ɗauka Ba

A unguwar Mardjandafak da ke Chadi, da zarar an ji cewa wani ya je ba da jini an mayar da shi saboda "epatit B", sai ka ga an fara ware masa kofin shayi. Masu cewa cutar ta yi yawa ba su yi ƙarya ba. Chadi tana cikin ƙasashen da aƙalla mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da ƙwayar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta masu ita a duniya miliyan 254, kusan miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka. Amma zancen "rabin gari na da ita" ƙarin gishiri ne.

Inda aka fi kuskure shi ne hanyar kamuwa. Gumi, musabaha, cin tuwo a kwano ɗaya, cizon sauro, duk babu ruwansu. Jini ne da ruwan jiki na saduwa. Kuma mafi yawan masu ita a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka samu, wajen haihuwa ko a shekarun farko. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma ƙwayar tana zama a jikinsa har girma. Babba kuwa, waɗanda take zame musu ta dindindin ba su kai 5 cikin 100 ba. Saboda haka magidancin da aka gano masa ita yana da shekara 40 ba hujja ba ce ta neman mata, ko da 'yan tsegumi sun so haka.

Abin tsoro na gaske aska ce. Ƙwayar tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Aski, ƙaho, tsaga, kaciya, cire belu, yankan farce a bakin kasuwa: a tambayi wanzami sabuwar reza, ba raini ba ne.

Sai masu cewa shawara ce, idan ido bai yi rawaya ba lafiya lau. Mutum zai shekara 20 da ita babu alama, hanta tana ƙanƙancewa ko kansa tana tsirowa. Gwajin jini kaɗai ke nunawa.

Maganin warkewa fa? Mai lasifika da ya ce jiƙonsa ya wanke hantar wani, wataƙila ya dace ne da babban da jikinsa ya kore ta da kansa. Tenofovir yana danne ƙwayar, ba ya kawar da ita, kuma likita ne zai ce wa ke bukatarsa.

Aure bai haramta ba: a gwada abokin auren, a yi masa rigakafi. Jarirai suna samun nasu cikin allurar haɗin biyar a mako 6, 10 da 14, amma idan uwa tana da ƙwayar, allurar cikin awa 24 na farko ita ce wadda ba a jira ranar suna a kanta.