Babi na Bakwai: Sabuwar Kwamfuta da Tsohuwar Mujalla

A farkon shekarun 1980, wanda ya sayi kwamfutar gida a Ingila ko Amurka ba ya tarar da komai a cikinta sai yaren BASIC da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a fuskar talabijin. In yana son wasa ko manhajar lissafi, hanya biyu gare shi. Ko dai ya sayi kaset, irin wanda a da muke sa wa rikoda mu ji waƙa, ko kuma ya sayi mujalla ya kwafe shirin da hannunsa, layi bi layi. Mujallu irin su Sinclair User a Ingila da Compute! a Amurka sukan cika shafuka da dogayen layukan lambobi, yaro ya kwana yana bugawa. Lamba ɗaya ta kuskure, aikin dare ya tashi a banza. Shi ya sa a 1983 mujallar Compute!'s Gazette ta fito da wani ɗan shiri da ke nuna wa mai kwafa wata lamba a ƙarshen kowane layi, ya gwada ta da wadda aka buga a takarda.

Amma ba kuskuren yatsa ne damuwarmu a nan ba. Damuwarmu mutumin da ya kwafa daidai, bai bar ko waƙafi ba, shirin kuma ya ƙi tashi.

Har gobe za ka ji ana cewa ai a wancan zamani duk kwamfutoci BASIC suke ji, don haka shirin da aka buga wa wannan zai yi a waccan. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa buɗe mujallar ba. Kama da wane ba wane ba ne. PRINT da GOTO kam kowa na da su, amma da zarar marubuci ya so launi ko sauti ko sauri, sai ya koma ga umarnin POKE, wanda ma'anarsa ita ce: je ka adireshi kaza a ƙwaƙwalwar na'ura ka ajiye lamba kaza. To a nan ake yin ta. A Commodore 64, in ka ajiye lamba a adireshi 53280, launin gefen allo ne zai sauya. A yayarta VIC-20, kamfani ɗaya, yare ɗaya, adireshin launin 36879 ne. A ZX Spectrum kuwa umarni ne guda, BORDER, kuma in ka aika lamba zuwa 53280 ba abin da za ka gani. A ƙaramar Spectrum mai kilobayit 16 ma babu ƙwaƙwalwa a wurin sam.

VIC-20 tana da wata ɗabi'a da ta fi wannan ban haushi. Yadda take fitowa daga shago, abin da ke kan allo yana farawa ne daga adireshi 7680. Ka tara kuɗi ka ƙara mata ƙwaƙwalwa ta kilobayit 8 ko fiye, sai allon ya yi ƙaura zuwa 4096. Wasan da ka kwafa jiya yana nan yana zana jiragensa a 7680, inda ba mai kallo. Wato ka inganta na'urarka, ka kashe wasanka. Dole mujallu suka riƙa rubuta wa kowane shiri a samansa ko na wadda ba a yi wa ƙari ba ne.

Sai dai labarin da ya fi daɗi na Spectrum ne. Kamfanin Clive Sinclair ya fitar da ita a Afrilun 1982, mai kilobayit 16 a kan fam 125, mai 48 a kan fam 175. Ba a je ko'ina ba, a 1983, aka yi wa allon cikinta gyara, aka fitar da zubi na uku. Daga waje ba ka bambance su: akwati ɗaya, maɓallan roba iri ɗaya, suna ɗaya. Amma masu rubuta wasa sun saba tambayar maɓallai kai tsaye da umarnin IN, kuma sun lura cewa in ba a taɓa komai ba amsar 255 ce. Sai suka ɗora wasanninsu a kan haka. A sabon zubi amsar ta koma 191. Bambancin 64 ne kacal, kuma daga layin da ke sauraron kaset ya fito, ba ruwansa da maɓalli. Amma wasan ba ya sanin haka. Ko ya ɗauka an danne wani maɓalli har abada, ko ya ƙi jin wanda aka danna. Kamfanin bai taɓa yi wa kowa alkawarin 255 ba. Mutane ne suka gani suka dogara.

Haka kuma ta sake faruwa, kuma wannan karon ta fi girma. A ƙwaƙwalwar Spectrum akwai wani ɗan fili na bayit 256 da ya fara daga adireshi 23296, an ware shi domin firintar Sinclair, wata 'yar ƙarama mai ƙona rubutu a kan takarda mai ruwan azurfa. Yawancin yara ba su da firinta. Fili ya zauna ba kowa, ga shi BASIC ba ya taɓa shi. Sai marubutan mujallu suka mayar da shi ma'ajiyar gajerun shirye-shirye na yaren injin, har da 'yan dabarun da ake bugawa a shafukan wasanni don ba ɗan wasa rai mara ƙarewa. Kamar kangon da maƙwabta suka ga mai shi ya daɗe bai leƙo ba, wannan ya ɗaure akuya, wancan ya jibge itace. Ana nan sai mai kango ya dawo. Spectrum 128, wadda ta fara fita a Sifen a 1985 kafin ta iso Ingila a 1986, tana buƙatar wurin da za ta ajiye 'yan shirye-shiryen da take juya sassan ƙwaƙwalwarta da su, sai injiniyoyi suka zaɓi wannan fili. Duk tsohon shirin da ya zuba kayansa a 23296 sai ya tattake su, na'ura ta sandare ko ta koma farko. Sun kuma karɓe biyu na ƙarshe daga cikin haruffan da mutum ke zana wa kansa, na T da U, suka mayar da su sababbin umarni biyu, SPECTRUM da PLAY. Maganin duka shi ne mutum ya zaɓi 48 BASIC daga jerin da ke fitowa in an kunna, wato ya sayi sabuwa ya roƙe ta ta zama tsohuwa.

A Afrilun 1986 Amstrad na Alan Sugar ya saye sunan Sinclair a kan fam miliyan 5, ya fito da +2 mai rikoda a jiki, sannan a 1987 ga +3 mai faifai da +2A. Waɗannan na baya sun rasa wata ɗabi'ar lantarki da wasu wasanni ke leƙawa don sanin inda zanen allo ya kai. Bayaninta na da tsawo, mu wuce; abin riƙewa shi ne wasanni irin su Arkanoid sukan tsaya cak suna jiran amsar da ba za ta zo ba. Daga nan ne kwalin kaset da bangon mujalla suka cika da jerin 48K, 128K, +2, +3, mai saye ya duba kafin ya miƙa kuɗi.

Bari mu ɗan ratse zuwa Holan, don mu masu son rediyo ba za mu wuce wannan ba. A wancan zamani gidan rediyon NOS yana da shiri mai suna Hobbyscoop da ke watsa manhaja ta iska: a sa ƙarar nan mai kama da kukan gyare, mai sauraro ya naɗa a kaset ya ba kwamfutarsa. Da yake kowa da irin tasa na'urar, sai aka ƙirƙiro BASICODE. An hana marubuci taɓa duk umarnin da ya keɓanta da na'ura ɗaya. Shirinsa zai fara daga layi na 1000, layukan da ke ƙasa kuwa kowace kwamfuta ta cika su da nata. In yana son share allo sai ya ce GOSUB 100, kowacce ta share yadda ta iya. BBC ma ta ari tsarin a 1984. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai shirin da zai yi a ko'ina ba shi da sauri ba shi da ado, yara kuwa sauri da ado suke so.

Kada kuma wani ya ce ai da kamfanoni sun riƙe jituwa sosai da shi ke nan. Commodore ya gwada ɓangarorin biyu. A 1984 ya fito da Plus/4 da C16 waɗanda ba sa cin manhajar Commodore 64, kasuwa ta juya musu baya. A 1985 ya fito da Commodore 128 wadda ke ɗauke da 64 ɗin sukutum a cikinta, ka buga GO64 ta rikiɗe. Kusan komai ya yi aiki. Sakamakon? Masu sayar da wasa suka ga ba dalilin rubuta wa sabuwar nata na kanta tunda na tsohuwar na yi wa kowa, yawancin masu ita suka ƙare suna amfani da ita a matsayin 64.

Yau an ɗauki hoton yawancin waɗannan mujallu an zuba a intanet, akwai kuma manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin a waya ko kwamfutar tebur. In ka yi sha'awar kwafar wani shiri, fara duba shekarar mujallar. In ta Spectrum ce kuma kafin 1986 aka buga ta, zaɓi 48K.