Ruwan Bakolori Amana Ce

Ya ku ɗalibai, kun san inda shinkafarmu ta rani ke shan ruwa? Madatsar Bakolori ce, wadda aka kammala a 1978 bisa gulbin Sakkwato. Ruwa guda ne ke shayar da gonakin Maradun, Mafara da Bakura. In na sama ya sare itatuwan bakin gulbi, sai damina ta kwaso yashi ta cike madatsa da magudanai, shukar na ƙasa ta bushe. To, mene ne magani? Gayya. Manoma su haɗu su yashe magudana, su nome ciyawa, su dasa itatuwa. Ranar gayya ku bi baba da kwando, domin shayar da ruwa sadaka ce. Allah Ya sa mu dace, amin.