Ma'anar "Nisa" a Dokar Ilmi ta Ingila

A maganar yau da kullum kalmar "nisa" ba ta da ma'auni, amma Dokar Ilmi ta Ingila ta 1944 ta yanka mata iyaka: mil 2 ga yaron da bai kai shekara 8 ba, mil 3 ga wanda ya kai. Dokar 1996 ta riƙe wannan awo. In makarantar da ta dace da yaro, mafi kusa da gidansu, ta wuce haka, wajibi ne ƙaramar hukuma ta kai shi kyauta. Hanyar da zai taka lafiya tare da babba ita ake aunawa. Hakkin kuwa yana ƙarewa wajen shekara 16, watau ɗan kwaleji ba shi da tabbacin mota, ko da yake doka ta wajabta masa karatu ko koyon sana'a har shekara 18.