Kifin icce mai gaɓa: yadda na sassaƙa shi da abin da ya ƙi kamawa

Yau mu ɗan bar kwamin tarwaɗa mu leƙa gulbi.

Kifin icce ƙaramin gunkin kifi ne da ake ɗaura wa ƙugiya a madadin tana ko hanjin kaza. Wani masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana sayar da irinsa a duniya. Ni dai a Ƙauran Namoda na yi nawa, da guntun malaina da na roƙa wurin kafinta.

Na fere shi kamar tsawon ɗan yatsa da rabi, na goge da samfefa, sannan na yanka shi biyu a wajen da ciki ya ƙare. Gaɓar ita ce aikin. Za ka lanƙwasa waya marar tsatsa ta yi zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, ka cusa kowanne a ɓangarensa da gam mai ƙarfi. In ka matse su, wutsiya ba za ta kaɗa ba. In ka sake su da yawa, ƙugiyar baya ta riƙa sarƙe ta gaba. Na ɓata uku kafin na gane.

A ƙarƙashin ciki na huda rami na sa 'yar darma, irin ta bakin birgi, don kada ya kife. A haɓa kuma na tsaga na sa ɗan falle na roba mai tauri, shi ke sa shi nutsewa yana rawa in an ja. Fenti na ƙarshe, kuma a shafe ko'ina, don icce in ya sha ruwa ya tashi aiki. Gwada shi a baho kafin ka wahalar da kanka zuwa gulbi.

To ga inda na sha kunya. Na kai shi gulbin Gagare da damina, ruwa ja wur, na yini ina jifa ko taɓawa babu. Wani dattijo masunci ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Yaro, aikinka ya yi kyau, amma tarwaɗa da hanci take ci." Gaskiyarsa. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin baki take farauta. Masu bin wannan abu su ne masu farauta da ido, irin tsage da giwan ruwa, su ma sai ruwa ya kwanta ya yi garau.

Don haka 'yan uwa na Shinkafi da Zurmi masu fatsa a Bunsuru, ku jira kaka. Kuma ku tambayi mutanen gari halin da bakin gulbi yake ciki kafin ku fita, kun san yanayin tsaronmu. Nawa na huɗu yana rataye a ƙusa, sai ruwa ya janye.