Yadda ƙibar wadda ke zaune kusa da mai neman aiki ke rage masa maki

Mai neman aiki kan shirya takardunsa, ya gyara shigarsa, ya tanadi amsoshin tambayoyin da za a yi masa. Abin da ba ya cikin lissafinsa shi ne wanda zai zauna kusa da shi a ɗakin jira. Sai dai wani bincike da aka gudanar a Amurka ya nuna cewa wannan ma na iya shiga cikin hukuncin da za a yanke masa.

A shekarar 2003, Michelle Hebl, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Rice da ke Houston, tare da Laura Mannix, sun wallafa sakamakon gwaje-gwaje biyu a mujallar Personality and Social Psychology Bulletin. An nemi mahalarta su auna cancantar wani namiji mai neman aiki. Wasu sun gan shi kusa da mace mai ƙiba, wasu kuma kusa da mace mai matsakaicin jiki. A gwaje-gwajen biyu, makin da ya samu ya fi ƙasa idan mai ƙiba ce a gefensa.

Ƙarfin irin wannan nazari yana cikin tsarinsa. Ana raba mahalarta rukuni-rukuni ba tare da zaɓe ba, a bar komai yadda yake, a sauya abu ɗaya tak. Daga nan sai a kwatanta matsakaicin makin kowane rukuni, a auna ko gibin da ke tsakaninsu ya wuce abin da katari kaɗai zai iya haifarwa. A al'adar masu wannan fanni, ba a ɗaukar gibi da muhimmanci sai idan yiwuwar ganin irinsa bisa katari ta gaza kashi 5 cikin 100.

Gwaji na biyu ya fi tayar da hankali, domin a nan ne aka nemo abin da zai iya rage tasirin. An duba ko akwai alaƙa tsakanin mutumin da matar ko kuwa zama ne kawai ya haɗa su. An duba jinsin mai ba da maki, da irin ƙyamar da yake yi wa masu ƙiba, da kuma ko an faɗa masa wani abin yabo game da matar. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kawar da gibin. Ma'ana, hatta wanda bai ɗauki kansa mai ƙyamar ƙiba ba ya rage wa mutumin maki.

Tun a 1963 masanin zamantakewa Erving Goffman ya bayyana yadda tsangwama ke tsallakawa daga wanda ake yi wa ita zuwa makusantansa. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma a nan babu ƙurar da ta taɓa kowa, a idon mai kallo take.

Gwaji dai ba ofishin ɗaukar ma'aikata ba ne, kuma kallon da ake yi wa ƙiba ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Duk da haka batun ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na da ƙiba mai yawa. Jihar Michigan ta haramta nuna wariya saboda nauyin jiki a wurin aiki tun shekarun 1970, birnin New York kuma ya kafa irin wannan doka a 2023. Amma doka ta fi iya kama wariyar da ake yi da gangan. Wadda ke shiga ba a sani ba, maganinta tsari ne: a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a tsayar da ma'aunin maki kafin a ga fuskar kowa.