Aiki a Nijar, kwana a Babura: takardun da ya kamata su kasance a wayar mai tsallaka iyaka

Daga Babura zuwa Magarya ba wata tafiya ba ce: a bi ta Babban Mutum, a tsallaka, an shiga jihar Damagaram. Mutanen Kazaure, Roni da Gwiwa kuwa sukan bi ta Daura zuwa Kwangwalam, su faɗa Ɗan Barto, su nufi Matamaye. Tun kafin a kai shingen jami'ai waya kan fara sanarwa: layin Najeriya ya yi rauni, saƙon barka da zuwa Nijar ya shigo, mai layi biyu ya koma kan Airtel na Nijar ko Zamani ko Moov.

A da fatauci da zumunci ne ke kai mutane. Yanzu akwai matasan da sana'ar hannu ke kai su: masu haɗa sola, masu gyaran waya, masu saka kyamarar tsaro, da malaman Turanci a makarantun kuɗi. Wasu sun fito daga kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure. Su tafi Litinin su dawo Juma'a, albashi da sefa, cefane da naira. Da yawansu suna ganin tunda ba a tambaye su biza a iyaka ba, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ɓangarorin biyu sun ce zirga-zirga ba biza za ta ci gaba, amma wannan sanarwa ce da kowa zai iya janyewa. A watan Fabrairun shekarar aka samu rahotannin mayar da 'yan Najeriya masu takardar tafiya ta ECOWAS daga wasu iyakokin Nijar, ana neman fasfo. Wanda abincinsa ke can bai kamata ya dogara da sanayya da jami'in shinge ba, domin ana canja jami'ai. Ana cike neman fasfo ta shafin hukumar shige da fice a waya, da lambar NIN, kuma tun Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne. Da tsada, amma bai kai asarar aiki ba.

Izinin shiga daban, izinin aiki daban. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce kwantiragin baƙo sai an rubuta shi, kuma sai hukumar samar da aiki ta ƙasar, ANPE, ta buga masa hatimi. Mai ɗaukar aiki ne ke da alhakin nema. A nan matasa ke cutuwa: an yi ciniki ta saƙon murya a WhatsApp, an fara aiki, wata uku babu biya, kuma babu takardar da za a kai gaban mai duba harkar ƙwadago. Wanda ya ce a fara tukuna takarda ta biyo baya, yawanci ba ta biyowa.

Batun haraji ya fi rikitarwa, kuma shi ne aka fi yi wa jita-jita a TikTok. Ma'aikacin da ke kan tsari a Nijar ana cire masa harajin albashi da ake kira ITS tun kafin kuɗi su iso hannunsa, haɗe da kason asusun fansho na CNSS. Sai ya ɗauka ya gama da kowa. To amma sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2025 ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, tana kallon inda mutum yake zaune ne, ba inda aka biya shi ba. Wanda ya yi kwana 183 a Najeriya cikin wata 12 mazauni ne. Ko bai cika su ba, in yana da gidan da yake sauka na dindindin a Roni, ko iyalinsa da harkokinsa na Gwiwa, dokar na iya ɗaukarsa mazauni. Mazauni kuwa ana lissafa masa abin da ya samu ko'ina a duniya, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Jigawa ce ke da hurumi a kansa.

Lissafin bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Wanda albashinsa na sefa ya kama naira miliyan 2 a shekara, harajinsa na kan miliyan 1.2 ne, wato naira 180,000 kafin a cire rangwame. Dokar ta kuma yarda a rage masa abin da ya riga ya biya a waje kan wannan kuɗin. Sai dai ba a ragewa da baki. Wanda ba shi da takardar albashi mai nuna an cire ITS zai iya biya sau biyu, nan da can.

Shi ya sa wayar da ke aljihu ta fi ƙarfin kallon bidiyo. Kowane wata a ɗauki hoton takardar albashi, da rasidin Nita ko Amana in ta can aka turo kuɗi, da shafin fasfo mai hatimin shiga da fita, domin hatiman ne ke ƙirga kwanaki. A ajiye su a Google Drive, ba cikin hotunan waya kaɗai ba. Waya kan faɗa ruwa, kan kuma ɓace a tasha. A rubuta farashin canji na ranar da aka mayar da sefa naira, tunda yana hawa yana sauka.

Shigar kuɗi asusun OPay ko Moniepoint ba shi ne ke jawo haraji ba, abin da mutum ya samu a matsayin albashi ko riba ne. Matsalar tana zuwa ne in aka cakuɗa albashi da kuɗin saƙon da wani ɗan kasuwar Magarya ya ba da a kai Kano, duk a asusu ɗaya mai ɗauke da NIN ɗin mutum, wadda yanzu ita ce lambar harajinsa. Asusu biyu sun fi sauƙin bayani. Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ce wa'adin miƙa bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta gabata.